Khairat Da Ban Haifa Ba

Assalamu alaikum masu karatu. Na ga saƙonninku duka. Na ga masu tambayar ko jikin Khairat ne ya sake tashi, na ga masu cewa na fara jan aji tunda odiyona ya yi suna, na kuma ga baiwar Allahn da ta rubuto cewa in ban saki feji yau ba, ba za ta yafe min ba. Ki yi haƙuri 'yar'uwa ki bi layi, akwai waɗanda suka riga ki. Yau babu Maryamar littafina, babu Mu'awiyyanta. Nawa labarin za ku ji, kuma a shafina nake sa shi saboda a guruf an ɗaure min baki.

Sunana Mas'uda. 'Yar Tambuwal ce ni, malama a wata firamare ta kuɗi. Ban taɓa aure ba, ban taɓa haihuwa ba. Ku koma ku sake karanta layin nan a hankali, don na san halinku, tsallake kuke yi kuna neman inda aka yi mari.

Ba da irin wannan rubutun na fara ba. Littafina na farko labarin wata mai tallan nono ne da ke bin shanun gidansu ta Jabo duk shekara, da ƙawancen da ta ƙulla da matar wani manomi. Na daɗe a kansa, kuma har gobe ina son shi. Na ɗauke shi na kai wa wani mai ɗab'i a Sakkwato, dattijo mai kirki. Ya ɗan juya shafukan, sannan ya nuna min bayan shagonsa inda littattafan mutane suke ɗaure da igiya tun daga ƙasa har sama, gara ta fara cin na ƙasan. Ya ce shi yanzu katin biki da kalanda ne ke riƙe da shi, masu sayen littafi duk sun koma cikin waya. Shawarar da ya ba ni ita ce in je in tara mabiya tukuna, in sun yi yawa in dawo.

Neman mabiyan ne ya haɗa ni da Anti Mu'minatu, wata 'yar Kaduna mai gurufan karatu a WhatsApp. Har yau ban taɓa ganinta ido da ido ba, muryarta kawai na sani. Da ta karanta littafin sai ta turo min saƙon murya tana dariya, wai rubutuna ya yi kyau amma wa zai ƙona datarsa yana karanta saniya na cin ciyawa. Ta zayyana min dokokinta: feji gajere, kullum, kuma kowanne ya ƙare da mari ko suma ko wani ya banko ƙofa. Sannan ta tambayi sunan mijina. Da na ce ba ni da shi sai ta ja tsaki, ta ce manyan gurufanta na matan aure ne zalla, matan aure kuwa ba sa karanta budurwa, raina ta suke yi. A take ta raɗa min suna. Ta ce sunan Khairat ake yayi bana, don haka daga yau ni ce Maman Khairat. A lokacin dariya ma abin ya ba ni, na ɗauke shi kamar hijabin aro, in na je unguwa na dawo in cire.

Khairat ɗin kuwa ku kuka rene ta. Akwai lokacin da aka ɗauke wuta a unguwarmu wayata ta mutu, na dawo na tarar da zagi har da na iyaye. Anti ta ce in ce yarinya ce ba lafiya. Ina faɗa sai zagi ya koma addu'a. Daga nan duk ranar da makin jarrabawa ya riƙe ni, ko Inna ta tsare ni da surfe, Khairat ce ke haƙori, Khairat ce ke zazzaɓi. Wata rana ina yi muku saƙon murya a tsakar gida, jaririyar maƙwabciyarmu Na'iya na goye a bayana tana tsala kuka, kuka ce Allah sarki, yau mun ji muryar Khairat. Ban gyara muku ba. Har wata a cikinku ta aiko da 'yar riga ruwan hoda mai raga ta hannun direba, na je tasha na karɓa ina sunne kai, na kai wa ɗiyar Na'iya.

Sabon labarin da na koma rubutawa ma ku kuka tuƙa shi. Anti ta sa ƙuri'a, kuka zaɓi Maryama ta yi auren sirri tana makaranta iyayenta ba su sani ba. Na so Mu'awiyya ya rayu ya zo ya durƙusa gaban babanta, kuka ce a'a, ya mutu a hatsarin mota ya bar ta da ciki, don kuna son ku yi kuka. Shafukan ɗakin aure kuwa, waɗanda kuke cewa "Maman Khairat kin iya allonki", Anti ce ke tsinto min su daga tsofaffin littattafan gurufanta, in canza suna in gyara rubutun in manna, ina yi ina jin kunyar bangon ɗakina. Gidan su Maryama ne kawai nawa. Wadda ake jira ta kawo feji kullum ba ta da lokacin gina gida a kanta, sai na kwashi namu na zuba: ƙofar langa-langa shuɗiya, randar da ta tsage Baba ya ɗaure ta da waya, da akuyar Inna mai suna Ta-Jabo wadda take yi wa faɗa kamar mutum.

Sai odiyo ya shigo. Anti ta ba wani mai tasha a YouTube littafin yana karantawa da muryar tausayi, ana kiɗa a ƙasa-ƙasa. A saman kowane kashi ya rubuta da manyan baƙaƙe: LABARIN GASKIYA DAGA BAKIN MAI SHI. Na yi magana, Anti ta ce in ba a sa haka ba babu mai dannawa. A da, uwar da ba ta yi boko ba ba ta san abin da 'yarta ke karantawa ba, yanzu kuwa tsohuwa na tankaɗe labari na zuba a kunnenta. Ni ban yi wannan tunanin ba, yawan masu saurare kawai nake kallo ina jin daɗi.

To ga Sirajo. Malamin dabbobi ne a Kebbe, dogo, mai maganar da sai ka matsa kake ji. A babur yake zuwa, da damina ƙafar wandonsa duk taɓo saboda hanyarsu, amma hularsa ko yaushe a kare take. Bai taɓa karanta nobel ba a rayuwarsa, wayarsa ta kira ce da wa'azi. Ina son shi, wannan ba sai na yi kwana-kwana ba. Manya sun riga sun shiga maganar, an kawo gaisuwa, Baba ya ce a bari a kai amfanin gona gida a sa rana. Inna kuwa tun da ƙannen bayana na dangi suka fara aure take kallona kamar tuwon da ya kwana, zuwan Sirajo ne ya sa ta fara cin abinci da marmari.

Ranar kasuwa ƙanwarsa Saudatu ta biyo don ta ga matar yayanta. Matar aure ce, fara, mai fara'a, ta sha leshi ruwan toka da mayafi mai duwatsu, lallenta ja har wuyan hannu. Ni ma na sa atamfata kore da Inna ta ɗinka min da Sallah, na yi mata dambun shinkafa da zoɓo. Hira ta yi daɗi har da shewa. Da za ta tafi ta ce in ba ta lambata. Ina faɗa tana dannawa, kafin in kai ƙarshe sai na ga yatsanta ya tsaya. Ta kalli wayar, ta kalle ni, ta leƙa tsakar gida ta kalli randa. Sannan ta juyo min da fuskar wayar, lambata ce a ajiye tun tuni da sunan "Maman Khairat Nobel".

Na fara rantse-rantse ina cewa sunan rubutu ne kawai, amma Saudatu ta riga ta rungume ni tana kuka a kafaɗata.

"Ashe ke ta," take cewa. "Ashe ke ta kis sha wahalag ga duka. Wallahi ranad da Mu'awiyya yar rasu ko girki ban yi ba."

Na ce mata babu wani Mu'awiyya, babu Khairat, ƙirƙira ce. Ta share hawaye da gefen mayafi ta ce ta gane, asirina a rufe yake, ko da wuƙa a wuyanta ba mai ji. Kafin babur ɗin da ya ɗauke ta ya isa Kebbe ta buga wa Gwaggo Atu waya. Gwaggo Atu ƙanwar babansu ce, ita ta riƙe Sirajo tun yaye saboda ɗan fari ne, kuma ashe da ɗan akwatin sauti a rataye a wuya take yawo, babu kashin odiyona da ya wuce ta.

Na nemi Anti hankalina a tashe. Na rubuta mata cewa zan sa sanarwa a guruf, in faɗi gaskiya kowa ya huta. Ta karanta, can sai na ga an cire ni daga masu iya magana. Sannan saƙon muryarta ya shigo, a sanyaye, har da kirana ƙanwata. Ta ce muna tsakiyar littafi, mai tasha ya riga ya tallata kashi na gaba, in rufa mata asiri. Ta ce kuma in yi tunani da kyau, ranar da matan nan suka ji budurwa ce ta shiga cikinsu ta rubuta musu waɗancan shafukan, kafin la'asar hotona ya zagaye TikTok, kuma ita ba ruwanta. Na saurara har ƙarshe, na kifa wayar a kan katifa na zauna ina kallon ta.

Da aka kwana biyu Sirajo ya zo bayan la'asar ba ranar zuwansa ba. Na shimfiɗa mishi tabarma a zaure, na kawo ruwa, bai sha ba. Idonsa ya faɗa. Ya ce kwanakin nan duk rugar da ya je allurar shanu da abin sauraro a kunnensa yake tafiya, ya ji littafin tun daga farko har inda aka tsaya. Ya ce ya yi istihara, ya kuma riga ya faɗa wa Gwaggo cewa shi bai fasa ba. Aure aure ne ko da an ɓoye shi, marainiya kuwa lada ce, zai riƙe ta kamar shi ya haife ta.

Ku ji fa. Mutumin da nake tsoron ya guje ni, ga shi ya zo da alheri mai nauyin da ya fi gudun. Na yi mishi bayani tiryan-tiryan, tun daga mai ɗab'in Sakkwato har ƙuri'ar da kuka kaɗa. Ya bar ni na gama, sannan ya ciro waya ya kunna saƙon da Saudatu ta tura mishi. Muryata ce tana cewa ku yi haƙuri jikin Khairat ne, ga kukan jaririya a baya.

"Ɗiyan Na'iya ta," na ce. "Tashi mu je in gwada maka ita."

"Mas'uda," ya ce, kansa a ƙasa, "kada ki musanta ɗiyakki sabadda ni. Abin ga ɗai na ba ni iya ɗauka."

Na ce to ya je ya tambayi duk wanda na yi karatu da shi a Sakkwato. Can ya ɗago, bai kalle ni ba, ƙofar zaure yake kallo. Ya ce akwai wuraren da ya kashe odiyon saboda ya ji nauyinsu, shi da yake namiji. In macen da ta yi zaman aure ce ta faɗe su, wannan tsakaninta da Allah ne, ta san abin da take faɗa.

"In ko budurwa ta tar rubuta wancan..."

Bai ƙarasa ba, ni ma ban taya shi ba. Me zan ce? In ce ba ni na rubuta ba, kwafa na yi? Sai in zama maƙaryaciya, mara kunya, ga satar rubutu a sama. Na fahimci a wurin nan cewa Sirajo ya fi son ni da Khairat a kan ni ba ita, kuma a haka ya tashi babur ɗinsa ya tafi.

Ban faɗa wa Inna komai ba. Kullum in na ɗauro niyya sai in same ta tana lissafa wa Na'iya irin kwanukan da za ta saya min, sai in haɗiye. Na yi ta fatan abin ya mutu a Kebbe.

Yau da hantsi Inna na sheƙar gero a gindin darbejiya, ni ina wanke-wanke, Baba ya tafi kasuwa, sai ga sallama. Gwaggo Atu ce, gajeriyar tsohuwa mai zanen saƙi da carbi a hannu, akwatin sautinta na lilo a ƙirji, Saudatu na biye da ƙwarya a rufe da faifai. Inna ta rikice da murna, ta shimfiɗa sabuwar tabarma, ta aike ni in dama fura. Aka gaisa, aka tambayi hanya, aka tambayi ruwan bana. Gwaggo na amsawa idonta na yawo a gidan, da ya sauka kan akuya sai ta yi murmushi ta ce, ashe wagga ita ta Ta-Jabo. Inna ta yi dariya tana mamakin yadda sunan akuyarta ya kai Kebbe.

Sai Saudatu ta buɗe ƙwaryar. Man shanu ne a ciki, a kan faifan kuma ga 'yan awarwaro ƙanana da takalmin yara mai ƙara in an taka. Gwaggo ta tura su gaban Inna ta ce na amaryarta ne, a fito mata da ita ta gani. Inna ta kalli takalmin ta kalle ni, ta ce wace amarya kuma, gidan nan ai babu ƙaramin yaro.

Gwaggo ta gyara zama. Ta ce ita ba tashin hankali ya kawo ta ba, sulhu ta zo yi. Yarinya ta yi kuskure ta ɗaura aure ba da sanin iyaye ba, amma Allah ya riga ya jarrabe ta, ya karɓe mijin, kuma ita da kunnenta ta ji irin kukan da yarinyar nan ta sha. Inna ta ce ita fa ba ta gane ba. Sai Gwaggo ta danna akwatinta.

Muryar mutumin nan ta cika tsakar gidanmu da kiɗansa na tausayi. Kashin da Maryama ta dawo hutu da ƙaramin ciki ne, ta tura ƙofar langa-langa shuɗiya, ta sha ruwa a randar da aka ɗaure da waya, uwarta na yi wa Ta-Jabo faɗa a kan ta ci mata dussa, ita kuma tana ja da hijabi tana rufe jikinta. Na ga hannun Inna ya saki faifan sheƙa, gero ya zube a ƙasa, kaji suka yo kansa ba ta kore su ba.

Na ajiye kwanon fura na durƙusa a gabansu. Na ce, "Gwaggo, ni ba ni da ɗiya."

Tsohuwar nan sai ta washe baki, ta juya ga Saudatu tana gyaɗa kai.

"Kin ji ɗiyam mutunci ko? Haka anka san macce da ɗan fari. Uwas Sirajo har yau in anka ce mata ina ɗanki, cewa takai ba ta da wani ɗa. Ba irin na yanzu ba masu ɗora su bisa waya."

Na ɗaga yatsa zan rantse, ta kama hannuna ta sauke, ta ce kul, kunya ba ta kai ga rantsuwa ba, ita ta riga ta fahimta. Duk abin da na faɗa daga nan ƙara min daraja yake yi a idonta. In na yi kuka ta ce tuna marigayi ne, in na yi shiru ta ce kawaici ne. Saudatu na gefe tana sharar hawaye tana cewa in daure.

Inna ta miƙe ta ce wa baƙi tana zuwa, ta yi min alama da ido, na bi ta ɗaki. Ta saki labule. Na shirya wa mari, wallahi da ta mare ni da na ji sanyi. Na fara cewa Inna labari ne, ƙarya ce ake sayarwa a waya, ta ɗaga min hannu. Ta zauna a bakin gado tana kallon tafin hannunta. Ta ce damanar nan da ina karatu a Sakkwato na ƙi zuwa hutu na ce aikin makaranta ya riƙe ni, ita tun lokacin jikinta ya ba ta wani abu, ta dai yi shiru ne. Ni kuwa Allah ya sani, wannan damanar a ɗakin kwanan ɗalibai na ƙare ta ina rubuta labarin mai tallan nono.

"Ban tambaye ki ko wane na ba," in ji Inna, muryarta ƙasa-ƙasa don kada baƙi su ji. "Abu guda nika son sani. Wa ka riƙon ta? Wa ka ba ta abinci?"

Na ce Inna ki dube ni. Ta dube ni, idonta cike da ruwa, kuma ba fushi na gani a ciki ba, tausayin wata yarinya na gani wadda take jin an bar ta a hannun bare. Ta kwance bakin zanenta ta damƙa min kuɗin mota, ta ciro mayafina daga kan ƙofa ta yafa min da hannunta.

"Tafi ki ɗauko min jikata kafin babanki shi dawo. Ni ka tare miki shi."

Na fito ta gaban Gwaggo Atu tana sa min albarka, tana cewa in riƙe yarinyar da kyau a kan babur. Na bi hanyar tasha, na kasa shiga, na juyo. Yanzu haka ina zaune a ajina, yau Asabar babu kowa, a kan bencin yara, da mayafin da Inna ta yafa min. Sirajo ya turo saƙo wai in ya samu wanda zai riƙe mishi aiki zai zo ya raka ni. An kusa kiran azahar, Baba kuwa da ya yi salla gida yake yi.

Ku dubbai ne, kun san ranar da ta fara haƙori, kun san maganin da ya karɓe ta, har riga kun ɗinka mata. To ga uwata can a bakin ƙofa tana jira. Ku faɗa min inda zan je in ɗauko ta.